Me ya sa likitoci ke hana daina shan maganin damuwa lokaci guda?

A garuruwan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na arewacin jihar Jigawa, mai fama da ciwon tsananin damuwa kan yi tafiya zuwa babban asibitin Gumel, ko asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, ko na Dawanau a Kano, kafin ya ga likita.

Nisan hanya da tsadar magani, wadda ta ƙaru bayan faɗuwar darajar naira a 2023, na sa wasu su ajiye maganin da zarar sun ji sauƙi, ko kuma ranar da ya ƙare.

Likitoci na gargaɗin cewa yin hakan na da haɗari.

Abin da ke faruwa a jiki

Magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine da paroxetine suna aiki ne a kan sinadaran da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, musamman serotonin.

Bayan watanni ana sha, ƙwaƙwalwa kan saba da su. Idan aka yanke kwatsam sai jiki ya rikice.

Alamun sun haɗa da jiri, da tashin zuciya, da rashin barci, da munanan mafarkai, da saurin fushi, da wani abu mai kama da jan wutar lantarki a ka.

Wani nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2024 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na masu daina maganin na samun irin waɗannan alamu saboda dainawar, kuma kusan kashi 3 na shan wuya sosai.

Paroxetine da venlafaxine sun fi kawo matsalar domin suna saurin fita daga jiki, saɓanin fluoxetine da ke daɗewa.

Wannan ba jaraba ba ce irin ta tramadol, domin mai shan maganin damuwa ba ya ƙwaɗayinsa don ya bugu.

Ciwon ne ya dawo?

A nan ne dangi kan ruɗe, har wasu su ce aljanu ne ko sammu.

Alamun dainawa kan bayyana cikin 'yan kwanaki, galibi tare da jiri, kuma sukan lafa da wuri idan aka koma kan maganin.

Dawowar ciwon kuwa takan ɗauki makonni, ta zo sannu a hankali.

Yadda ake ragewa

Ƙa'idar likitoci ita ce a ci gaba da sha na aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi, sannan a fara ragewa da sanin likita.

A 2019 hukumar NICE ta Birtaniya ta sauya shawararta, inda ta amince cewa alamun na iya tsananta su kuma daɗe a jikin wasu.

Saboda haka ake ragewa mataki-mataki cikin makonni ko watanni, kuma ragin ƙarshe shi ya kamata ya fi ƙanƙanta, domin ko ɗan kaɗan na maganin yana da tasiri babba a ƙwaƙwalwa.

Idan alamu suka yi tsanani, likita kan mayar da mutum kan adadin baya, ya sake ragewa a tsanake.

Ana kuma shawartar majiyyata da su tanadi magani kafin na hannu ya ƙare, su guji sauya shi da wani a kemis ko kasuwa, su kuma shaida wa wani na kusa cewa sun fara ragewa.

Mai azumi ya tambayi likita yadda zai mayar da lokacin sha zuwa bayan buɗa baki ko sahur, maimakon tsallakewa.

Duk wanda ya fara tunanin kashe kansa a wannan lokaci, a kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jiran ranar ganin likita ba.