Askar Wanzami: Daɗinta da Abin da Za Mu Kula

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan abin da kusan kowane magidanci a Duza da ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum ya sani tun yana yaro, wato zama a kan tabarma gaban wanzami.

Injin aski ya shigo garuruwanmu da daɗewa, amma har yanzu dattawa da yawa ba su yarda an yi musu aski ba sai aska ta bi kansu. Ba mu ga laifinsu ba. Inji yana yanke gashi ne daga sama, ya bar guntaye, bayan kwana biyu kai ya yi ƙaiƙayi. Aska kuwa daidai fata take yankewa. Wanzami zai jiƙa kan da ruwa, ya murza shi sosai har gashin ya yi laushi. Sa'an nan ya wasa askar a dutse, ya goga ta a fata don bakin ya miƙe. Da babban yatsa yake jan fatar kai ta ɗame, ya kwantar da askar, ya bi a hankali. In ya gama ƙwal kwabo, iska ta bugi kan, mutum yakan ji kamar an sauke masa kaya. Manomin da ya wuni cikin rana da hula ya san wannan daɗi.

Akwai kuma sauƙi. Aska ba ta neman wutar lantarki, ba ta neman man janareta. Maƙerin gari ne yake ƙera ta, wanzami ya sa ta a zabira ya bi ka har zaure ko gindin bishiya ranar kasuwa. A da ma ba kullum ake biyan kuɗi ba, gida yana da wanzaminsa, da kaka a ba shi damin hatsi. Ya aske kakanka, ya yi wa mahaifinka kaciya, ya san labarin kowa. Sana'a ce ta gado, har tana da sarautarta, Sarkin Aska. A ƙauyuka da yawa wanzami ɗaya ne yake yi wa Kirista da Musulmi aski, wannan ya zo don Kirsimeti, wancan don Salla, hira kuwa ɗaya ce.

Ba mu kaɗai muke son aska ba. Turawa sun daɗe suna aski da irinta, garin Sheffield na Ingila da Solingen na Jamus sun yi suna wajen ƙera ta. Sai a 1904 wani Ba'amurke mai suna Gillette ya sami takardar mallakar reza mai bakin da ake canzawa, daga nan aska ta ja baya a can. Duk da haka akwai masu aski a manyan biranensu da suke karɓar kuɗi mai tsoka don su yi abin da wanzaminmu yake yi a kan tabarma.

To, aski ya zo gaban goshi. Abin da ya sa aska take da daɗi, shi ne kuma ya sa take da haɗari. Tun da daidai fata take bi, ba ta rasa kankare ƙurji ko yin ɗan yanka wanda ido ba ya gani. Jinin da ya taɓa bakinta ba lalle ya kai ɗigo ɗaya ba. Idan aka share ta a tafin hannu ko a tsumma aka ɗora wa na gaba, an haɗa jinin mutum biyu ke nan.

Yawancinmu in aka ce jini, ƙanjamau muke tunawa. Gaskiya ne ana iya ɗaukarsa ta kayan yanka, amma ƙwayarsa ba ta daɗewa a waje da jiki. Wanda ya fi damunmu a nan shi ne ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayarsa tana iya rayuwa a waje da jiki aƙalla kwana 7, ko da jinin ya bushe. Babban binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, alhali masu ƙanjamau ba su kai 2 cikin 100 ba. Ku duba ranar kasuwa: in wanzami ya aske kai 25, ba abin mamaki ba ne biyu daga ciki suna da ita. Su kansu ba su sani ba, domin tana iya zama shekaru ba alama, sai daga baya ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, a fara cewa sammu ne.

Mutanen Duza ba sa bukatar a gaya musu cewa abin da ido bai gani ba yana kisa. A 2010 gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙasar kuwa kamar kowace ƙasa take a ido. Haka bakin aska mai ƙyalli yake.

Jarirai ne suka fi shiga uku. Babba in ya kamu, sau da yawa jikinsa yakan kore cutar. Jaririn da ya kamu kuwa, kusan 9 cikin 10 za su zauna da ita har tsufa. Ga shi a makon farko ne ake kiran wanzami don askin jariri, wani wuri har da tsaga da cire beli. Shawararmu a kan beli ita ce a bar shi, ba ya hana yaro shan nono, cire shi kuwa yana jawo zubar jini da sarƙewar haƙora. Allurar rigakafin ciwon hanta tana cikin alluran yara a ƙasarmu tun 2004, kyauta ce a asibitin gwamnati. Ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Zumuntar mata, ku riƙa tuna wa juna wannan, ko da a gida aka haihu.

Ba muna cewa a guje wa wanzami ba ne. Wanda yake da hali ya sa maƙeri ya ƙera masa askarsa, ya ajiye a gida, ya miƙa wa wanzami in ya zo. Wanzamai da yawa yanzu suna riƙe aska mai cin reza, wadda ake karya sabuwar reza biyu a sa mata rabi. Wannan ta yi, muddin a gabanka aka buɗe takardar. Tsohuwar rezar a tara ta a gwangwani mai murfi a jefa a masai, kada yara su tsinta suna feƙe fensir. Askar ƙarfe ta gado kuwa, a wanke ta da sabulu, a tafasa ta minti 20 daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. Lasar wutar ashana ko shafa kananzir ba su wadatar ba. Wanzamin da yake da aska uku ko huɗu zai iya aiki da ɗaya sauran suna kan wuta. Kada kuma mu ɗauka inji ya tsira, shi ma yana yanka, yana kuma yaɗa makero a tsakanin yara.

Mun san da nauyi ka ce wa dattijon da ya aske mahaifinka, "Baba, a canza reza." An ce wanzami ba ya son jarfa. Amma shi ma yatsunsa suna yankewa, yana kuma taɓa jinin mutane kullum, don haka ya fi kowa bukatar gwaji da allurar rigakafi, wadda manya suke karɓa sau uku cikin wata 6. Dattawan ikilisiya za su iya zama da wanzaman unguwa cikin girmamawa a yi wannan magana, musamman a cikin garin Anka inda rashin tsaro ya tara jama'ar ƙauyuka da yawa wuri ɗaya, wanzami guda yana bin kawuna masu yawa. In kuɗin reza ne matsalar, mai kai ya ƙara a kan ladan aski, ko ya zo da tasa a aljihu.