Taswirar Dangantaka: Sabuwar Hanyar Nazarin Tarihin Kano

Duk wanda ya san ƙasar Tofa ya san yadda ƙauyuka suke kusa da juna, ƴan hanyoyi sun ratsa gonaki sun sada wannan gari da wancan. In aka zana kowane ƙauye da ɗigo, kowace hanya da layi, nan take za a gane garin da hanyoyi suka fi haɗuwa a cikinsa. To, wannan dabara ce masana suka ɗauko suka ɗora a kan rubutu, watau kowane suna ɗigo ne, kuma duk sunaye biyu da labari ya gama su sai a ja layi tsakaninsu. Manhajoji irin su Gephi, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a 2008, da Palladio ta Jami'ar Stanford a Amurka, su ne ke zana wannan taswira a kwamfuta.

A 2011 Franco Moretti ya gwada dabarar a kan wasan Hamlet na Shakespeare, ya nuna cewa Horatio, wanda ba shi ne tauraro ba, shi ne igiyar da ta ɗaure sojoji da jakadu da sauran mutanen fada.

Mu ma muna da abin gwaji. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, tare da hakimai da jarumai da malamai. Taswira za ta iya fito da matsayin baƙi, kamar Wangarawa da suka zo zamanin Yaji, da Shehu Magili da ya zo zamanin Rumfa.

Amma fa akwai tarko. Kwamfuta ba ta san Galadima sarauta ce ba. In ba a rarrabe mata ba, sai ta dunƙule Galadiman wani ƙarni da na wani su zama mutum guda, ta ba shi girman da babu shi. Haka za ta yi wa Muhammadu Rumfa da Muhammadu Kisoki in aka bar ta da sunan fari kurum. Sa'an nan layi bai faɗi ko aminci ne ya gama mutum biyu ko yaƙi ba.

Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya fara karanta littafin da kansa, ya tantance kowane suna, kafin ya miƙa wa na'ura. Taswira tambaya take tayarwa, amsar kuwa tana cikin littafi.