BAYANI A KAN TIYON KATAFILA MAI HAƘA, DA ABIN DA YA KAMATA MAI SAYE DA DILLALI SU SANI

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, a wannan karo mun ɗan ajiye maganar gero da dawa da masara, za mu yi magana a kan wani kaya wanda ba a auna shi da tiya, ba a kuma ɗinke shi a buhu, watau tiyon katafila mai haƙa, wadda kanikawa ke kira eskabeta. Wani zai ce, me ya haɗa mai hatsi da tiyo? To, mu ma da haka muke cewa, sai da abin ya taɓa aljihunmu.

Kun dai sani tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, alkama da shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa da Garun Malam da Bunkure duk ruwan kanal suke sha. Kanal kuwa kullum cikewa take da laka da ciyawa, balle can gabas wajen Haɗeja da Nguru inda kacala ta addabi hanyoyin ruwa. Aikin da ƙauye guda zai daɗe yana fama da shi da shebur da kwando, katafila sai ta share shi cikin ɗan lokaci. Saboda haka duk ranar da ta tsaya ruwa ya tsaya, in ruwa ya tsaya kuwa, a Dawanau ake jin zafinsa.

A shekarar 2022 mun ba waɗansu manoma a ƙasar Kura kuɗi tun kafin shuka, a kan za su kawo mana alkama ranar girbi, irin cinikin nan da malamai ke kira salam. Su kuma suka haɗa kuɗi suka yi hayar katafila ta yashe musu magudanar da ke kai ruwa gonakinsu. A ƙarshen Nuwamba ke nan. Rana ta biyu da hantsi babban tiyon da ke ɗaga hannunta ya fashe, mai ya yi ta feshi har ya jiƙe bakin kanal. Aka aiki yaro Kano da tsohon tiyon a hannu. Wani dillali ya tare shi ya kai shi wani shago, aka haɗa masa sabo, baƙi wuluk, tsawonsa daidai, kuɗinsa kuwa wajen rabin na wanda mai injin ya saba saye. Yaro ya komo yana murna ya yi ragowa. Aka ɗaura, aka cika tanki da sabon mai. Kwana biyu tak ya yi, shi ma ya fashe, wannan karon kuma direba bai kashe injin da wuri ba, famfo ya ja iska ya lalace. Kafin a samo kayan famfo a gyara an yi kwana 12.

Ita alkama lokacinta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa farkon Disamba. Wadda aka shuka a makare zafin Maris ke riskar ta tana cikin cika ido, sai ƙwaya ta motse. Haka kuwa aka yi. Ranar awo buhuna ba su cika ba, manoma suka kwana da bashi a wuya, mu kuma muka yi haƙuri har kakar shinkafa. Abin da yaron ya rage a kuɗin tiyo bai kai kuɗin buhu ɗaya ba. Da bakanike ya yanka tiyon ya nuna mana cikinsa, sai ga waya hawa biyu a inda ake bukatar huɗu, jikinsa kuma ko harafi ɗaya babu. Tun daga ranar muka zauna da kanikawa muna tambaya, ga kuma abin da muka tattara.

Ku sani ita katafila duk ƙarfinta a mai yake. Injin yana juya famfo, famfo yana tura mai ta cikin tiyo da bututun ƙarfe zuwa silinda, silinda ce ke ɗaga hannu da damtse da bokiti. Ƙarfin matsin man ana auna shi da wani ma'auni wai shi bar. Tayar ƙaramar mota bar 2 ce da ɗan wani abu. Amma katafila mai nauyin tan 20, irin su Caterpillar 320 da Komatsu PC200 da muke gani a bakin aiki, manyan tiyoyinta suna ɗaukar wajen bar 350. In kuna so ku gane, ku ƙaddara an ɗora buhu uku da rabi na kilo 100 a kan farcen yatsa ɗaya, to haka kowane ɗan gurbi na cikin tiyon yake ji. Famfonta kuma biyu ne, kowane yana iya tura wajen lita 200 a minti ɗaya. Shi ya sa in babban tiyo ya fashe, kafin direba ya farga man da ya kusa rabin duro ya bi ƙasa.

Shi tiyo riga uku gare shi. Ta ciki roba ce wadda mai ba ya cin ta. Ta tsakiya waya ce ta ƙarfe, ita ce ƙarfinsa. Ta waje roba ce mai kare wayar daga rana da ruwa da gogayya. Akwai mai waya hawa ɗaya a saƙe, ana rubuta masa R1 ko 1SN. Akwai mai hawa biyu, R2 ko 2SN. Akwai kuma mai hawa huɗu ko shida wanda wayarsa a naɗe take ba a saƙe ba, su ne 4SP da 4SH da R12 da R13 da R15. Mai hawa biyu in faɗin cikinsa inci ɗaya ne, iyakarsa bar 165. R13 yana ɗaukar 350, R15 kuma 420. Ƙananan tiyoyin da ke zuwa sandunan hannun direba matsinsu bai wuce wajen bar 40 ba, a nan mai hawa ɗaya ya wadatar. Ashe ke nan ba mai tsada ne kullum ake bukata ba, kowane gurbi da nasa.

Wani mai shago zai ce muku, ai masu ƙera tiyo suna yin sa yadda ba zai fashe ba sai matsi ya ninka abin da aka rubuta sau huɗu. Gaskiya ne, amma wannan rarar an bar ta ne domin fizgar da mai ke yi sa'ad da bokiti ya daki dutse ko saiwa. Wanda ya mai da ita abin aikin kullum kamar wanda ya ci irin shukarsa ne.

To, ga abubuwa biyar da za ku duba kafin ku miƙa kuɗi.

Na fari, rubutun jikinsa. Tiyo na gaske yana da layin rubutu daga wannan kai zuwa wancan: sunan maƙera, da lambar irinsa, da faɗinsa, da iyakar matsinsa da bar ko da PSI. Bar 350 ita ce wajen PSI 5,000. Wanda babu rubutu ku bar shi, ko da kyauta ne. Sa'an nan ku ce a nuna muku bakin da aka yanka, ku ƙirga hawan wayar da idonku, domin rubutu ma ana buga na jabu.

Na biyu, faɗi. Cikinsa ake aunawa, ba kaurin waje ba. Lambarsa kuwa inci ne aka raba gida 16. Lamba 8 rabin inci ne, 12 kashi uku cikin huɗu ne, 16 inci ɗaya cur. In kun sa ƙarami a gurbin babba, mai zai yi zafi, hannun injin ya yi nawa.

Na uku, shekarunsa. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. A jikinsa za ku ga kamar 2Q24, watau an yi shi tsakanin Afrilu da Yuni na 2024. A ƙa'idar Jamus ba a so tiyon da aka haɗa ya wuce shekara 6, har da zaman da ya yi a ajiye. Ku lanƙwasa shi ku gani, in fatar ta tsattsage kamar dunduniya da hunturu, ya gama. Wanda aka rataye a ƙofar shago rana na dukansa, da na gwanjo da ake kwancewa daga matattun injuna, sai a yi hattara da su ƙwarai.

Na huɗu, kai, watau ƙarfen da ake matsewa a bakin tiyo. Nan ne ake yawan asara, domin kawunan sun yi kama da juna amma ba ɗaya ba ne. Na Amurka da ake kira JIC bakinsa a karkace yake digiri 37. Na Ingila, BSP, digiri 60 ne. Komatsu nata digiri 30 ne da zare na awon milimita. Caterpillar kuwa ta fi amfani da mai shimfiɗaɗɗen baki da ɗan zoben roba a fuskarsa. Manyan layuka kuma suna da kai mai faranti da kusoshi huɗu, lamba 61 da lamba 62, na biyun shi ne mai ɗaukar matsi mai yawa, ramukansu ma ba su hawa juna. Noti zai iya shiga zagaye biyu ko uku ya yaudare ku. In aka tilasta shi da sifana sai zare ya cinye, a tashi daga sayen kai a koma sayen abin da ya fi shi tsada. Farin zaren nan da masu famfon ruwa ke naɗawa ba ya magani a irin waɗannan, domin ba a zare suke toshe mai ba, a baki ne. Ku tafi da tsohon kan a hannu, a gwada a gabanku.

Na biyar, matsa. Kowane tiyo da awon da za a matse kansa a inji. In an yi sako-sako kai zai fice kamar harsashi, in an wuce kima a murƙushe wayar. Mai matsa na kirki yana da takardar awo, yana kuma auna zoben bayan ya gama. Ya fi kyau tiyo da kai su zama na gida ɗaya. Bayan yanka kuma lalle a wanke cikinsa a toshe bakunan biyu kafin a ɗauka, domin garin roba da na waya, da ƙurar hunturu, su ne ke cinye famfo a hankali.

Game da bututun ƙarfe da ke kwance a bayan hannun katafila, shi ba shi da ɗinki, ba irin na ruwan famfo ba ne. Kada a musanya shi da na ruwa, kada kuma a yi masa walda yana jikin injin, ƙwarzanen walda zai bi mai ya shiga ko'ina. Maƙalan da ke riƙe shi in sun kwance a ɗaure, girgiza ce ke tsaga shi.

Wajen ɗaurawa kada a ja tiyo ya miƙe tantsan, a bar masa ɗan sarari, domin in matsi ya shige shi yakan ɗan gajarce. Kada a murɗe shi, layin rubutun nan shi zai nuna muku ko ya murɗe. Inda yake gogar ƙarfe a naɗa masa kariya.

Ga kuma maganar rai, wadda ta fi ta kuɗi. In tiyo ya yi ɗan huji kamar na allura, man da ke fita ba a cika ganinsa ba, amma yana huda fata ya shige tsoka. Wurin sai ya yi kamar cizon sauro, alhali kuwa yana iya kai wa ga yanke yatsa ko hannu. Kada yaro ya shafa tiyo da hannu yana neman inda yake yoyo, a sa kwali. Wanda abin ya sama a kai shi babban asibiti nan take, a gaya wa likita man inji ne ya shige shi, kada a tsaya shafa magani a gida. Kafin a kwance kowane noti kuma, a sauke bokiti ƙasa, a kashe injin, a saki matsin da ya rage a layi da tanki.

Maganar farashi kuwa, kayan nan daga waje suke zuwa, daga Italiya da Amurka da Sin da Turkiyya da Indiya, su sauka Ikko kafin su iso mana Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 kuɗinsu dala yake bi, na yau daban na gobe daban, shi ya sa ba mu sa muku adadi ba. Amma ku ce a ware muku kuɗi gida uku: na tiyo kowace mita, da na kawuna biyu, da na matsa. Wanda ya dunƙule muku kuɗi ya ƙi warewa, akwai abin da yake ɓoyewa.

Masu hayar katafila domin yashe kanal ko haƙa tafkin kifi ko harsashin sito, ku rubuta tun farko a gaban shaidu: in tiyo ya fashe wa zai biya, man da ya zube na wane ne, kwanakin da ta tsaya za a ƙirga su ko kuwa. Ku kuma tambayi mai injin ko ya zo da manyan tiyoyi biyu ko uku na ko-ta-kwana. Da an yi haka a Kura da ba a rasa kwana 12 ba.

Daga ƙarshe, ku 'yan'uwanmu dillalai da masu shaguna, dukanmu mun san labarin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya iske jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya kuma yi hani da algus. Waya biyu da aka lulluɓe da baƙar roba aka sayar a madadin huɗu, ita ce jiƙaƙƙen hatsin nan. La'adar da za ka ci ta yini ɗaya ce, manomi kuwa shekara guda ya rasa. In mai saye bai sani ba, kai ka sanar da shi, in ba ka da irin wanda yake nema ka nuna masa maƙwabcinka.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya tsare mu da cin haƙƙin juna.