Tacewa da Laƙabi a Kundin Manhaja

Manhajar kwamfuta takan rubuta abin da ya same ta a kundi, kamar yadda akawu ke cika rajista. Tsarin Syslog, wanda Eric Allman ya ƙago a shekarun 1980, ya kasa saƙonni mataki 8 gwargwadon tsananinsu, domin a tace ƙanana a bar manya. To, amma mataki nauyin magana yake nunawa, ba irinta ba. Shi ya sa SLF4J da Log4j 2 suka ba da damar liƙa wa saƙo laƙabi, alal misali "tsaro". Inda masana suka saɓa shi ne lokacin tacewa. Masu tacewa tun wajen rubutu suna tsimin ma'aji, sai dai in ɓarawo ya kutsa, mai bincike ba zai tarar da saƙon da aka zubar ba.