Dodo A Kan Takarda, Tsoro A Cikin Gida

A Kamazou, kudu da kogin Kaduna, muna jin iyaye suna kuka cewa yara na karanta labaran ban tsoro masu zane a wayar hannu, dare ya yi su kasa barci. Kafin mu tsawata musu, bari mu san abin da ke ba irin wannan labari ƙarfi.

Kakanninmu sun san asirin. Mai tatsuniya ba ta cika faɗin kamannin Dodo ba. Sai dai a ji muryarsa a bayan danga, yarinya kuwa ita kaɗai a ɗaki. Abin da ido bai gani ba zuciya ce ke zana shi, zanen zuciya kuwa ya fi na alƙalami muni. Gwanin mai zane haka yake yi. Yakan sa mu ƙaunaci yarinyar tukuna, ya nuna ƙofa a buɗe a ƙarshen shafi, sa'an nan ya bar mu mu juya takardar da hannunmu. Wanda bai iya ba, tun shafin fari zai baje dodon, jini ko'ina. Kafin shafi na biyar ido ya saba, yaro ya soma hamma.

Amma tsoro ba kullum yake tsayawa a takarda ba. A watan Satumba na 1954, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, ɗaruruwan yara suka shiga makabarta da sanduna da wuƙaƙe, suna neman wani mai shan jini mai haƙoran ƙarfe, wai ya cinye yara biyu. Ba yaron da ya ɓata. Manya suka ɗora laifin a kan littattafan zane na Amurka, har majalisar Birtaniya ta kafa doka a kansu a 1955. Waɗansu kuwa suka tuna cewa akwai dabba mai haƙoran ƙarfe cikin Daniyel 7:7.

Hatsarin da ya fi kusa da mu shi ne labarin da ke koya wa yaro cewa tsohuwar maƙwabciya mayya ce. Yaron da ya sha wannan zai gudu in ya gan ta, watarana ya jefe ta. Tatsuniya tana ƙarewa da "ƙurunƙus", kowa ya san wasa ne. Zargin maita ba ya da ƙurunƙus.

Saboda haka, iyaye, mu zauna mu karanta tare da su. Mu tambaye su, "Ina ne ya ba ka tsoro? Yaya mai zanen ya yi dabarar?" Yaron da ya gane dabara ya rage jin tsoronta. Kafin barci a ajiye waya, a karanta Zabura 4:8 tare, a yi addu'a, har da tsohuwar maƙwabciya a ciki.