Takalmin Mai Babur: Abin Da Ya Kamata Matuƙan Kolofata Su Duba Kafin Su Saya

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Mora ranar Lahadi, ya zuba ido ga baburan da ke kwararowa daga Kolofata da ƙauyukan gindin dutse, zai ga kaya iri-iri: buhunan albasa, jarkokin mai, akuya ɗaure a baya, wani lokaci ma mutum uku ko huɗu a kan babur guda. To amma in ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafun matuƙan, abu ɗaya zai yi ta gani, wato silifa na roba mai igiya biyu, irin wanda ake shiga makewayi da shi. Haka abin yake a Marwa, haka yake a Garwa wajen 'yan kilando. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru ya sayi babur, ya yi masa kwalliya da fitilu da madubai, amma ƙafar da za ta tuƙa shi ko oho.

Kolofata gari ne a yankin Mayo-Sava, cikin jihar Arewa Mai Nisa, yamma da Mora, dab da iyakar Nijeriya. Hausawan wurin ba su da yawa in an kwatanta da Barebari da Mandara da Larabawan Shuwa, kuma galibinsu 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, waɗanda abincinsu yana kan hanya. Tun bayan karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, lokacin da aikin albashi ya yi wuya, samari da yawa a duk faɗin Kamaru suka koma haya da babur. Daga baya baburan ƙasar Sin da na Indiya masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwa, ga kuma man zuwa-zuwa da ake shigowa da shi daga Nijeriya. A ƙauyukan da mota ba ta shiga sai da rani, babur ya zama shi ne motar haya, shi ne motar ɗaukar kaya, shi ne kuma mai kai mace mai naƙuda asibiti cikin dare.

Sai kuma masifar Boko Haram ta zo. Bayan harin da aka kai Kolofata ranar 27 ga watan Yulin 2014, inda aka sace matar mataimakin firayim minista Amadou Ali tare da wasu mutane, hukuma ta tsaurara matakan tsaro, aka taƙaita zirga-zirgar babura a yankunan kan iyaka domin da su maharan ke yawo. Kasuwancin Amcide da Banki ya tsaya. A wancan lokaci mutane da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu suka koma taka feda. Saboda haka maganar takalmi a nan ta shafi mai babur, ta kuma shafi mai keke.

Bari mu fara da aikin da ƙafa ke yi a kan babur, domin mutane da yawa sun ɗauka hannu ne ke tuƙi, ƙafa kuwa hutawa take yi. Ƙafar hagu ita ke sa giya. Ƙafar dama ita ke taka birkin baya, ita ce kuma ke buga kik a tayar da inji. In an tsaya, ƙafa ce ke tokare ƙasa ta riƙe nauyin babur da na fasinja da na kaya gaba ɗaya. In aka shiga yashin mayo, wato rafukan nan da ke bushewa da rani, matuƙi yakan sauke ƙafafunsa biyu yana dogarawa hagu da dama har ya fita. In kuwa aka faɗi, Allah ya kiyaye, sau da yawa ƙafa ce ke fara taɓa ƙasa, kuma a kanta babur ke kwantawa.

Yanzu mai karatu ya auna wannan aiki da silifa. Ba shi da abin da ke riƙe dunduniya, saboda haka da gumi ya jiƙa shi sai ƙafa ta riƙa zamewa a ciki. Ana buƙatar birki cikin gaggawa, yaro ya gilma ko jaki ya tsaya a tsakiyar hanya, sai silifan ya goce daga kan birkin ko ya maƙale a ƙarƙashinsa. Kik in ya yi tutsu ya dawo da ƙarfi, ƙashin ƙafa yake samu ba tare da wani shamaki ba. Igiyar da ke tsakanin yatsu kuwa ba a yi ta domin ta ja nauyi ba. Da damina, in aka dogara ƙafa a baƙar laka mai danƙo irin ta ƙasar masakuwa, lakar takan riƙe silifan, ƙafa ta fito tsirara. Ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ke huda roba mai laushi kamar ana huda tuwo. A kwarin Binuwai, wajajen Garwa, akwai kuma kububuwa, wadda sararta ya fi yawa a ƙafa da idon sawu, kuma mai babur da ya tsaya cikin ciyawa da magariba domin ya gyara kaya bai fi ƙarfinta ba.

Gaskiya ne masu ƙera ƙananan baburan nan sun san da wa suke ciniki. Shi ya sa da yawa daga cikinsu ke zuwa da abin sa giya mai kai biyu, a taka gaba da yatsu, a taka baya da dunduniya, ba sai an cusa ƙafa a ƙasa an ɗaga ba. Wannan dabara ta sauƙaƙa wa mai silifa tuƙi, amma ba ta kare shi daga komai ba ranar da aka faɗi.

Abin mamaki shi ne kakanninmu sun riga mu gane wannan. Dubi mahayan dawaki ranar hawan salla a fadar Lamidon Garwa ko ta Sarkin Mandara a Mora. Wanda ya yi cikakkiyar shiga yakan sa dogon takalmin fata da ya rufe idon sawu ya hau ƙwauri, domin kada likkafa ta ci masa ƙafa, kada kuma ƙaya ta yage shi in doki ya kutsa cikin sarƙaƙiya. Babu wanda ya koya musu wannan a makaranta. Doki ne ya koya musu. Da babur ya maye gurbin doki, sai muka ɗauki gudun muka bar takalmin.

A wasu ƙasashe ma har gardama ake yi a kan wannan batu. A ƙasar Sin da Turai da Amurka akwai wani abin hawa mai taya ɗaya tak da ke aiki da batir, ba shi da kan tuƙi, ba shi da birkin hannu. Mutum yakan tsaya a kan wasu faranti biyu a gefen tayar, in ya karkata gaba ya tafi, in ya karkata baya ya tsaya. Faransa ta shigar da shi cikin dokokin hanya a shekarar 2019, ta ƙayyade masa gudun kilomita 25 a awa. Da yake ƙafa ce kaɗai ke sarrafa shi, masu hawansa sun fi kowa sa ido a kan takalmi, kuma abin da suka fi nema shi ne tafi shimfiɗaɗɗe wanda ba ya santsi, mai ɗan tauri domin kada ƙafa ta gaji, da wuya mai rufe idon sawu. Wannan abin hawa ba na hanyoyinmu ba ne, yashin mayo ɗaya ya ishe shi. Amma sharuɗɗan nan uku su ne dai mai babur a Kolofata ke buƙata.

To me ya sa mutanenmu suka nace wa silifa? Ba wauta ba ce, kuma duk mai ba da shawarar da bai dubi dalilansu ba, iska yake yi wa magana. Akwai zafi: a watannin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma ƙafa a cikin rufaffen takalmi na roba dahuwa take yi. Akwai kuɗi, domin silifa shi ne mafi araha a kasuwa. Sannan akwai babban dalilin, wato yawan tuɓewa. Musulmi yana alwala yana shiga masallaci sau biyar a yini. In ya je gaida babba sai ya tuɓe tun daga nesa, in zai shiga zaure ko ya hau tabarma sai ya tuɓe. Takalmin da sai an zauna an kwance igiya an sake ɗaurewa, kwana uku zai yi a ƙafa a jefar da shi ƙarƙashin gado. Wasu kuma sukan sayi sau-ciki mai kyau, sai su take bayansa su mai da shi silifa, an yi ba a yi ba ke nan.

A ganina, takalmin da zai karɓu a nan dole ya zama mai saurin sawa da tuɓewa. Akwai masu zif a gefe, akwai masu roba mai miƙewa a wuya, akwai masu maɗauri mai mannewa. Irin waɗannan sukan shigo cikin dilolin gwanjo, kuma mai haƙurin tonawa a kasuwar Marwa ko ta Garwa yakan dace. Wanda ya fi son mai igiya, to ya riƙa cusa bakin igiyar ciki, domin in ta sarƙe da abin sa giya, mutum zai zo sauke ƙafa ya ji ta ƙi sauka, sai dai a ɗaga babur daga kansa. Game da alwala kuwa, littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin shafa a kan huffi na fata wanda ya rufe idon sawu, in an sa shi bayan cikakkiyar alwala. Mai yawan tafiya ya tuntuɓi malaminsa a kan sharuɗɗan, zai ga akwai sauƙi.

Kafin a biya kuɗi, a gwada takalmin da hannu. A kama gaba da baya a murɗa kamar ana matse wanki. In ya murɗe ba gardama, haka zai murɗe da ƙafa a ciki. A matsa tafinsa daga gefe da gefe, domin ta nan babur ke danne ƙafa in ya faɗi, kuma a Turai wannan na cikin gwajin da ake yi wa takalman babur kafin a ba su shaidar inganci, tare da gwajin gogayya da na yanka. A danna wajen yatsu da wajen dunduniya a ji ko akwai tauri. A juya ƙasansa a duba: tafin fata mai sulɓi irin na zuwa biki ba ya kama birki, ba ya kama kwalta in mai ya zuba, roba mai zane ake so. Ɗan tudun dunduniya kaɗan yana taimakawa wajen riƙe matakin ƙafa, amma mai tsini ko mai kauri ƙwarai yana hana mutum jin abin da yake takawa. A yi gwajin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za a riƙa sawa.

Ga mai keke abin ya fi sauƙi, kambas mai ɗan tauri ya isa. Sai dai kekunanmu da yawa robar fedarsu ta daɗe da faɗuwa, saura sandar ƙarfe kawai, kuma wanda ya taka wannan sanda da silifa daga Kolofata zuwa Mora ya san yadda tsakiyar tafin ƙafa ke kwana. Sabuwar feda ba ta kai kuɗin magani ba.

Ba lalle sai kayan waje ba. Marwa ta yi suna wajen jima da ɗinkin fata, kuma a kowace unguwar Hausawa daga Garwa har Ngaundere akwai dukawa. Mafi yawan abin da suke ɗinkawa buɗaɗɗen takalmi ne na ado da jakunkuna domin baƙi. Da ƙungiyoyin 'yan kilando za su je musu da buƙata ɗaya, wato takalmin fata mai rufe idon sawu, mai ƙananan huji domin iska, da tafin tsohuwar taya, da maɗauri guda a gefe, babu abin da zai gagare su a ciki. Tafin taya dai mun san shi tun a ƙafar makiyaya, ƙaya ba ta huda shi da wasa. Wanda bai iya wannan ba, ko buɗaɗɗen takalmi mai maɗauri a dunduniya da tafi mai kauri ya fi silifa nesa ba kusa ba.

Dokar da firayim minista ya sa wa hannu a ƙarshen shekarar 2008 game da haya da babur ta wajabta hular kwano, kuma daidai ne, domin raunin kai shi ke kisa. Amma raunin ƙafa shi ke zaunar da magidanci wata biyu ko uku ba ya fita nema, ga iyali, ga kuma mai babur yana jiran kuɗinsa na kullum in babur ɗin na haya ne. Ciwon ƙafa da ƙasa ta shiga yana saurin ruɓewa, yana kuma buɗe ƙofa ga cutar tetanus mai datse haƙora. Ga mai ciwon sukari kuwa, ɗan ƙaramin rauni a yatsa yakan ƙi warkewa har a kai ga yankewa.

Saura fasinja, wanda shi ba ya zaɓen babur ɗin da zai hau. Salansa tana gefen dama, kuma tabon ƙunarta a ƙwauri ya zama ruwan dare a tsakanin mata da 'yan makaranta. A hau ta hagu, a sauka ta hagu. Mata su tattare zane da mayafi kada su kai ga sarƙa. Yara ƙanana kuwa, waɗanda ƙafarsu ba ta kai mataki ba, tana lilo ne a gefen tayar baya, kuma in dunduniya ta shiga tsakanin wayoyin taya takan sale har jijiya. Wannan ya shafi keke kamar yadda ya shafi babur. Uban da zai ɗauki ɗansa zuwa makaranta ya sa masa rufaffen takalmi, ya kuma je wajen mai walda a sanya masa raga ko faranti a gefen tayar baya. Aikin bai wuce na awa guda ba.