Kafin Ka Sayi Sabon Batir: Yadda Za Ka Gano Abin Da Ke Hana Mota Tashi Da Safe

Da zarar hunturu ya shigo, a watan Disamba da Janairu, kasuwar masu sayar da batir kan buɗe a garuruwa irin su Kano, Zariya da Jos. Motar da ke tashi da murɗa ɗaya da rana, sai ta wayi gari tana nishi, har sai an tara yaran unguwa sun tura. Mafi yawan masu mota kan wuce kai tsaye su sayi sabon batir, wasu kuma bayan kwana uku matsalar ta dawo, kuɗi sun tafi a banza. Alhali da kunnenka, da wayarka, da ƙananan na'urori biyu masu araha, za ka iya sanin inda ciwon yake kafin ka kira makaniki.

Fara da sauraro. Idan ka murɗa makulli injin ya juya a hankali kamar mai jin barci, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri fitilun dashbod suna dushewa, wuta ce ta yi ƙaranci. Idan ƙas ɗaya ka ji mai ƙarfi, fitilu kuma na nan da haskensu, zargi ya fi karkata ga kik. Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, to batir ba shi da laifi, sai a duba mai ko filogi.

A rukunin farko ne aka fi asarar kuɗi, kuma a nan ne mitar gwajin wuta, wadda masu gyaran waya ke kira maltimita, take da amfani. Da safe, kafin ka taɓa makulli, saita ta a kan DC volt 20, ka ɗora jan tsinke a kan alamar + da baƙin a kan alamar −. Batir mai cikakken caji zai nuna kusan volt 12.6. Idan ka ga 12.2, kusan rabin cajin ya tafi. Daga nan sai wani ya murɗa makulli kana kallon mitar: in lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juya injin, batirin ya yi rauni. Bayan motar ta tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. In ta tsaya a sha biyu da ɗoriya, altaneta ce ba ta caji, kuma duk sabon batirin da ka saka haka zai ƙare.

Ana yawan ɗora wa sanyi laifi, amma zafin Afrilu da Mayu ne ke cinye batir daga ciki. Sanyi yana rage ƙarfin wutar da batir ke iya bayarwa, ya kuma sa baƙin mai ya yi kauri, sai raunin da aka daɗe da shi ya fito fili. Shi ya sa mai zuba 20W-50 a injin da kamfani ya rubuta masa 5W-30 yake ƙara wa kik wahala kowace safiya. Ka duba kan batirin ma. Farin gari ko kore da ke taruwa a wurin, ko waya mai sako-sako, sun isa su hana mota tashi. Cire wayar − tukuna, ka goge, ka ɗaure da kyau.

Ga motar da ke juyawa ba ta kamawa, akwai gwaji na kyauta. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, kada ka tayar. Za ka ji ƙaramar ƙara daga wajen tanki ta kamar daƙiƙa biyu, famfon mai ke nan. Kashe, ka maimaita sau uku, sannan ka tayar. In ta kama nan take, mai ne ke komawa tanki cikin dare ko nozul na ɗiga. Masu motar dizal kuma su jira fitilar hita ta mutu kafin su murɗa. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa goma a jere, yana ɗaukar zafi.

Sai wayarka. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Tarayyar Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD2. Galibin motoci 'yan Kwatano da ke kan titunanmu suna da shi. Ƙaramar na'ura mai suna ELM327 tana shiga wannan soket, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja irin su Torque ko Car Scanner kuma ta karanto abin da ƙwaƙwalwar motar ta adana. Lambar P0335 tana nuni ga na'urar da ke lura da juyawar kiranshaf, P0300 kuma na nufin injin yana tsallake ƙona mai.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne duba zafin ruwan injin da sassafe. Motar da ta kwana a kashe ya kamata ta nuna zafi daidai da na iskar gari. In manhaja ta ce digiri 80 alhali kana sanye da rigar sanyi, na'urar auna zafin ce ke yi wa ƙwaƙwalwar motar ƙarya, ita kuma sai ta ƙi ƙara man da injin mai sanyi ke buƙata. Wannan matsala ba kullum take kunna fitilar gargaɗi ba, kuma na'urar da ake canzawa ba ta kai kuɗin batir ba.

Ka lura da abu ɗaya: soket ɗin OBD2 yana da wuta ko da mota a kashe take, don haka cire na'urar in ka gama. Haka kyamarar dashbod, na'urar bin sawun mota da aka haɗa ba daidai ba, da cajar waya a motocin da soket ɗinsu ba ya mutuwa da makulli. Motar da ke fakin bai kamata ta ja fiye da miliyamfa 50 ba, kuma mai gyaran wayarin mota zai iya auna maka wannan cikin ɗan lokaci.